Abin da Gaiwa Ta Gani

An haifa mini jika, an hana ni ganinsa. Haka maganar take, ba zan shafa mata mai ba. Ɗan da na goya a bayana ina tsallaka ruwa da shi, shi ne ya aiko a gaya mini kada in taka ƙofar gidansa sai na yi alkawari. Laifina kuwa bai wuce wannan ba: ina ganin inda abu zai ƙare, kuma ina faɗa.

Zara aka aiko, ƙanwar marigayi mijina, don sun san ita kaɗai ce za ta shigo mini da irin wannan saƙo ta fita da ɗankwalinta a ka. Ta zo bayan la'asar, ana gobe suna. Ko zama ba ta yi sosai ba, ta ɗosana a kan turmi.

"Matar Yaya, an ce ki zo suna gobe."

"An ce, ko ya ce?"

"Ya ce. Amma da sharaɗi. Ki ci tuwo, ki ɗauki angonki ki sa masa albarka, ki koma gida. Kada maganar ruwa ta fito daga bakinki."

"In na faɗa fa?"

"Ya rantse ba ki ƙara shiga gidan. Yaron kuwa sai dai ki hango ƙeyarsa a bayan uwarsa." Ta gyara zama ta dube ni. "Ke ma dai, wuni ɗaya tal. Ko kwaɗo yakan huta da kuka."

"Kwaɗo ba ɗansa ne ya yi gini a hanyar kogi ba."

"To, ni dai na isar. Ban ce da ke komai ba, kada ki dube ni da idon nan naki, ina da awaki."

Ta tafi tana dariya, amma na ga ta tofa addu'a a bakin zaure.

Bari in faɗi yadda aka zo nan. Garinmu yana gabas da Haɗeja, a kan jigawa, fadama ta kewaye shi. A ƙasan jigawar akwai wani dogon kwari da muke kira Tsohon Kogi. Ina yarinya ruwa ke gudu a cikinsa, a nan na koyi iyo a kan gora. Daga baya kogi ya juya masa baya ya kama wata hanya. Aka jera shekaru ruwa na zuwa kaɗan, kwarin ya bushe, ƙasarsa baƙa mai laushi, ga shi dab da gonakin shinkafa. Samari suka gaji da hawa da sauka, suka fara gini a ciki. Ɗana yana cikin na farko. Na gaya masa kogi ba ya sakin gida, yaji yake yi. Ya ce tsufa ne.

Bara kuma na ce jingar da aka yi gayya aka ɗaga don tare ruwa za ta ɓalle ta inda gafiya ta yi rami. Ta nan ta ɓalle, shinkafar gidaje da dama ta tafi. Babu wanda ya zagi gafiya. Ni aka ce ina da kambun baka. Tun daga nan in na ratso, mata sai su ja zane su rufe kan goyo. Akwai shekarar da na ce saniyar maƙwabcina ba za ta kai damina ba. Saniyar nan ta kai, ta haihu, ta sake haihuwa, har yau tana cinye mini kuɓewa ta danga. Da bakina ke kashewa, da ita ya fara. Amma wannan ba mai tunawa.

Bana kuwa Fulani sun kwashe shanunsu daga fadama tun kafin lokacinsu. Fataken da ke zuwa daga yamma suna isowa da jakuna laka har ciki, suna cewa a ƙasar Kano sama ba ta ɗauke ba. Mutanenmu kuma sai su ɗaga kai su dubi samanmu, su gan ta garau, su ce lafiya. Ruwan da ke cinye mu ba a samanmu yake haɗuwa ba. A ƙasar wasu ake yin sa, ya taho a hankali, ya iso mana rana tana ƙwallewa, ba ko sallama. Duk wanda aka haifa a nan ya san haka, amma shekarun fari sun sa an manta.

Da Zara ta tafi na zauna a ƙofar ɗaki har magariba. Wani gida ana bandar kifi, hayaƙin ya biyo iska ya same ni. Ni kuwa ba na jin wannan ƙamshi ban tuna Kaka Fanna ba.

Ita ta haifi mahaifiyata. Daga wajen Borno aka kawo ta, kusa da babban ruwan Chadi, kuma har ta mutu Hausarta ba ta rabu da harshen Barebari ba. Doguwa ce, haƙoranta ja wur da fure da goro. Sana'arta banda. In an fita su, wato kamun kifi, maza sun kwaso, ita ke zama gaban wuta tun faɗuwar rana, tana lallashinta kada ta yi harshe, hayaƙi kawai ake so. Tun da ba ta da halin tashi, sai mu muke zuwa mata. Kowane yaro ya zo da ɗan itace ko busasshen kashin shanu. Wanda ya zo hannu rabbana ba a korarsa, amma ta inda hayaƙi ke bi za a zaunar da shi, ya sha labari yana hawaye. Sauro na kuka a bayanmu, kwaɗi na amsawa daga fadama, kitsen tarwaɗa na ɗiga a garwashi yana tsuwa. In kan kifi ya karye, na wanda ya fi natsuwa ne. Ban taɓa samu ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda matan gari ke buɗewa. Sai ta buga sandar juya kifi a ƙasa ta ce, "Ga ta can tafe a kan gora."

Mu ce, "Ta iso gaɓa mu ji ta."

Matsalar ni ce. Kaka ba za ta kai rabin labari ba sai in ga ƙarshensa ya tsaya a gabana. Baƙo kyakkyawa ya zo neman masauki, in ce aljani ne, ku duba ƙafarsa. Kura ta ce za ta raka akuya gida, in ce ba za a kai ba. Ba don a yabe ni nake yi ba. Abin ne ke tokare mini ƙirji kamar gyatsa, in bai fito ba ba ni da sukuni. Yayata Gana ta mintsine ni har cinyata ta yi tabo. Kaka kuwa sai ta juya kifinta ta ce, "Kubura ta riga mu isa. To zauna can ki jira mu, mu da ƙafa muke tafe." Wata rana don ta ƙure ni ta murɗe ƙarshen, ta sa kura ta kai akuya gida lafiya har da ba ta guzuri. Na ce ƙarya ne, kura ba ta yin haka. Ta yi dariya har ta ƙware da hayaƙi.

Ran nan dai yara suka gaji. Gana ta tashi ta ce ko a kori Kubura ko su su tafi, kuma da itacensu za su tafi.

Kaka ta ce, "Ajiye itacen nan, uwar 'yan yaji. Yau zan yi wadda in Kubura ta faɗi ƙarshenta daidai, gobe ita za ta zauna a nan, ni in koma cikinku."

Ga yadda ta ba da ita, gwargwadon abin da na riƙe.

A farkon zamani aka tara kifaye za a yi musu rabo. Tarwaɗa ta samu gashin baki. Ƙurungu ya samu ƙaya. Karfasa ta samu farin jini da yawan 'ya'ya. Gaiwa ta makara, ta iso an watse, sai abu ɗaya ya rage a kan faifai, wanda kowa ya ɗauka ya jujjuya ya mayar: ido mai ganin ƙarshen abu. Ta ce kyauta ba ta kaɗan, ta ɗauka.

Shekara ta kewayo, kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga fadama. Kifaye suka bi shi cikin ciyawa har suka faɗa wani babban tafki. Abinci ko'ina, ga inuwar bado, ba igiyar ruwa mai wahalarwa. Aka ci, aka yi ƙiba, aka yi ta haihuwa. Gaiwa kuwa duk inda ta duba ba ta ganin ruwa, sai busasshiyar laka mai tsattsagewa. Ta tara su ta ce, "'Yan'uwa, wannan ruwan aro ne. Mu koma kogi tun mashiga ba ta rufe ba."

Karfasa ta ce, "Ke dai ba ki iya ganin ana jin daɗi ba."

Tarwaɗa ta shafa gashin baki ta ce ita ta girmi wannan magana.

A bakin tafkin akwai Zalɓe, tsaye kan ƙafa ɗaya, ya sunkuyar da kai kamar mai tunanin lahira. A nan Kaka takan kafa sandarta a ƙasa, ta maƙale murya ta rera waƙarsa:

"Ruwa na nan, ruwa na nan,
Ku ci ku ƙara, 'yan lele,
Wa ya taɓa ganin gindin ruwa?"

Mu kuma mu amsa muna tafi, don waƙar da daɗi, ni ma ina amsawa. Kifaye suka ce kun ji mai bakin alheri. Suka riƙa zuwa gaishe shi safe da yamma.

Da ruwa ya ja da taƙi guda, suka ce ai ga shi, bakin Gaiwa ne ya sha shi. Suka taru suka danne ta, suka cusa mata laka a baki. Gaiwa ta tofar, ta ce, "Na faɗa, na fita." Ta juya ta haƙa rami a ƙasan tafki, ta naɗe jikinta da yauƙinta, ta toshe ƙofa.

Nan Kaka ta tsaya. Ta ɗaga kifi ɗaya ta duba cikinsa a hasken wuta, ta mayar.

"To, Kubura. Ƙarasa."

Na ce, "Mashiga za ta rufe. Ruwa zai ƙafe. Zalɓe zai cinye su, masunta su kwashe saura da ragar koma. Gaiwa ce kaɗai za ta tsira."

"Haka aka yi. Sai me?"

Na ce, "Ai shi ke nan." A wurina labari ya ƙare: mai gaskiya ta tsira, masu taurin kai sun hallaka. Gana ta fara dariya, Kaka ta nuna ta da sanda ta yi tsit.

Kaka ta ce, lokacin da Gaiwa ta shiga rami mashiga a buɗe take. Da ta so, da ta bi ta ta koma kogi. Ba ta tafi ba, don tana so ta kasance kusa ranar da za su ce, da mun sani da mun ji maganar Gaiwa. Ta kwanta a ƙarƙashinsu ta kasa kunne. Ta ji ruwa na ja. Ta ji Zalɓe ya daina waƙa ya fara aiki. Ta ji Karfasa na kiran 'ya'yanta ɗaya-ɗaya. Har na ƙarshensu ya daina motsi, ba wanda ya ce da mun sani. Da sunanta a bakinsu suka mutu, suna tsine mata. Laka ta bushe a kanta ta zama kamar tukunya. Rani ya yi tsawo, yunwa ta zo, ba abin ci sai ita kanta. Ta lanƙwaso wutsiyarta ta fara ci. Da damina ta dawo ta fito, rabin jiki, tafki cike da sababbin kifaye, ba wanda ya san ta, ba wanda za ta ce wa ai na gaya muku.

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa," in ji Kaka. "Ba don sauro ba da na ƙara muku."

Yara suka watse. Ni na ƙi tashi. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Na ce, "Kaka, me ya sa ba ta sake faɗa ba?"

"An cusa mata laka."

"Ai ta tofar."

"Ta tofar. Amma zuciya ta hau ta. Ta fi son a ce ta yi gaskiya da a ce sun rayu." Ta tura wani itace cikin wuta. "Ke, 'yar nan, zo nan. Irin idon nan naki ba a gode masa. In kin faɗa bai faru ba, ke maƙaryaciya ce. In ya faru, ke mayya ce. In kin yi shiru, ke mutuniyar kirki ce, a binne su kina cikin masu kuka."

"To wanne zan yi?"

"Ni na sani? Ni kifi nake gasawa. Ki duba sunan da wuyanki zai iya ɗauka, ki ɗauka."

Da na kai wa mahaifiyata labarin, ta ce ma'anarsa a fili take: yarinya ta iya bakinta. Gana ta ce a'a, ma'anarsa a riƙa jin maganar manya, wato ita. Kowa ya yanki inda ya yi masa daɗi. Ni kuwa da rani ya yi, muka fita fadama da sanduna muna bubbuga busasshiyar laka muna neman inda ta yi ƙarar rami, muka haƙo gaiwa a naɗe cikin kwanson ƙasa. Sauran yara na murnar nama. Ni wutsiyarta na fara dubawa.

Kaka ta rasu shekarar da aka yi mini aure. Na shiga duniya da idon nan, ban roƙa ba, ban kuma sami inda ake mayarwa ba. Masu cewa baiwa ce ba su taɓa zama a gidan biki suna ganin ranar rabuwa ba. Ba su taɓa duban ɗan maraƙi yana tsalle sun ga wuƙa ba. Kowa na cin tuwonsa da zafi, ni nawa ya riga ya huce tun ba a kwashe ba. Akwai shekarun da na gwada bin maganar mahaifiyata, na ɗinke bakina don a zauna lafiya. Ba a ƙara sona ba ko da ƙwayar gero. Ramewa kawai na yi, har ana tambaya ko ciwo nake.

Masu cewa masifa ce kuwa, su ma ban yarda da su ba. Da idon nan na kwashe hatsina daga rumbu kafin gara ta gama da shi. Da shi na hana 'yata shiga jirgin da na ga ya sha ruwa ya gaji. Tulu ne: abin da ke ciki ruwa ne mai rayarwa, amma a wuyan mutum ɗaya yake zaune, masu sha kuma ba su tambayar wuya.

Sai bayan mijina ya rasu, haihuwa ta tsaya mini, na shiga cikin birnin Haɗeja na durƙusa gaban wata malama da allona, cikin 'yan matan da na girmi iyayensu. Suna dariyar yadda nake riƙe alƙalami kamar muciya. Na bar su suka yi, na koya. Abin da ya kai ni, ban da neman sanin yadda zan yi salla daidai, tambaya ce guda da na daɗe ina ɗauke da ita. Ran da na sami malamar ita kaɗai na ce, "Allah gafarta Malama, an ce gaibu na Allah ne. Ni kuwa ina ganin abu kafin ya zo. Shin wuta zan shiga?"

Ta ce, "Ƙasa kike bugawa? Ko wuri kike zubawa?"

Na ce, "Ko ɗaya. Kallo kawai nake."

Ta ce, "Inna Kubura, wadda ta ga hadari ta kwashe shanya ba duba ta yi ba. Gaibu na Allah ne, ba ki da shi, kada ma ki sa wa ranki. Ido ne Ya ba ki, kuma za a tambaye ki abin da kika yi da shi."

Wannan ya sauke mini rabin kaya, ya ɗora mini wani rabin. Ban san gobe ba. Yana yiwuwa ruwan bana ya zo ya tsaya a bakin Tsohon Kogi ya juya, a wayi gari ana nuna ni ana dariya. In haka ta faru, ni zan fi kowa rawa, a kira ni maƙaryaciya har kabarina. Wannan suna wuyana zai ɗauka. Na mayya ma ya ɗauka, ya saba. Wanda ba zai ɗauka ba shi ne na mutuniyar kirki.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan kifaye take zagi. Daga baya na ɗauka Gaiwa take tausaya wa. Sai a yammacin nan, ina zaune da saƙon Zara a kunnena, na gane Kaka ba ta ƙyale kowa ba, kuma Gaiwa ta fi shan sanda. Domin ni ma ramin yana nan a buɗe, yana kirana ta hanya biyu. Ko in je suna in yi shiru, in ɗauki jikana in ji ɗuminsa, in dawo ina cin jikina har ruwa ya zo. Ko in yi zuciya in ƙi zuwa, in ce ai na faɗa tun bara, na fita, in zauna a kan jigawata a bushe ina kasa kunne. Na biyun ya fi ja na, ba zan ɓoye ba, don akwai daɗi a cikinsa irin na susar ƙurji. Amma duka biyun rami ɗaya ne. Faɗa sau ɗaya wanke kai ne kawai. Wanda yake so a tsira, maimaitawa yake har a tsane shi, sannan ya tanadi inda za a gudo.

Na yi sallar lisha, na kwanta, na yi barci mai nauyi irin wanda na daɗe ban yi ba.

Da asuba na yi salla, na ɗaura zanen da nake zuwa gona da shi, na saɓa gatari na gangara Tsohon Kogi. Na tarar maza sun cika ƙofar gidan a kan tabarmi, ragon suna a ɗaure, wanzami na wasa askarsa, ana zagayawa da goro. Na tsaya daga gefe. Ban katse addu'a ba. Na bari liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Aliyu, aka shafa fatiha, ni ma na shafa. Sannan na tako har tsakiyar tabarmi, inda mace ba ta tsayawa.

Liman ya dubi kafaɗata ya ce, "Inna Kubura, gatari a wurin suna?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Malam, na itace ne."

Ɗana yana zaune kusa da shi cikin sabuwar riga, ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki, balle a gaban mutane. Na kira shi.

"Bukar."

Wani tsoho ya tsaya da goro a hannu bai kai baki ba. Ɗana ya ɗago, fuskarsa kamar na mare shi.

Na ce, "Allah ya raya Aliyu. Ruwa zai shiga gidan nan kafin a yanke gero. Na faɗa yau, gobe zan dawo in tsaya a nan in faɗa, jibi ma haka. Ka rantse ba zan shiga ba, to ba zan sa ka kaffara ba, daga waje ma ana jina."

Ya ce, "Inna, a ranar sunan ɗana?"

"Don ɗanka ne. Da na wani ne da na bari an ci rago."

Daga cikin gida na ji Zara tana salati. Sai kuma jaririn ya tsala kuka, wanzami bai ko taɓa shi ba tukuna. Ran nan na fara jin muryarsa. Ƙafata ta so ta yi ciki, na hana ta.

Na ce, "Ɗaki zan ƙara a jikin nawa, a kan tudu. Zai ɗauki mace da miji da jariri, da duk wanda ya zage ni yau in ya matsa. Ba sai an yi sallama ba, ba kuma sai an ce na yi gaskiya ba."

Na gyara gatari a kafaɗa, na ratsa ta tsakiyarsu suna janye ƙafafu, na kama hanyar kurmin goruba in saro dirkoki tun rana ba ta yi zafi ba.